Rabin Shafin Da Ya Cinye Mini Mako Uku

Wani malaminmu na fiziks ya taɓa faɗa mana, yana tattara takardunsa zai fita daga aji, cewa lissafin da ke bayanin buɗewar sararin samaniya ɗan sakandare ma zai iya fitar da shi a rabin shafi, muddin ya san dokar Newton. Bai yi mana ba. Ya yar da maganar ne ya wuce, ni kuma na ɗauke ta a matsayin irin cika-bakin da malamai kan yi don su zaburar da ɗalibai. Shekaru suka shuɗe tana maƙale a raina, har wani dare na ɗauko wani tsohon littafin rubutu da ya rage 'yan shafuka, na fiƙe fensir, na ce bari in gani.

Na gindaya wa kaina sharaɗi. Ba zan buɗe littafi in leƙa amsa ba sai na gama. Abubuwa uku kawai na yarda in shiga da su: dokar janyowa ta Newton, ƙa'idar da ta ce kuzari ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, da kuma abin da masanin taurari Edwin Hubble ya wallafa a 1929, cewa gwargwadon nisan galaksi daga gare mu, gwargwadon saurin da take ƙara nisanta. Galaksi dai gungun taurari ne, biliyoyinsu a dunƙule wuri guda. Shi kuwa ƙarfin janyowa, na san mutane da yawa kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma sunan bai kwanta mini ba. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya ƙyale kowa, duk abin da ke da nauyi yana ja kuma ana jan sa.

Da dutse na fara. Ka jefa dutse sama, zai tafi yana rage gudu, ya tsaya, ya dawo. Ka ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa kafin ya juyo. Akwai saurin da in ya kai, ya tafi ke nan, kuma a doron ƙasa wannan saurin kusan kilomita 11.2 ne a sakan ɗaya. Yadda nake riƙe abin a kaina shi ne, kuzarin motsi jari ne da dutsen ya fita da shi, janyowar ƙasa kuma bashi ne da ake bin sa. In jarin ya gaza bashin, dole ya dawo. In ya zarce, ya tafi da ragowa a hannu. In kuwa sun yi kunnen doki, zai yi ta tafiya yana rage gudu har abada, bai tsaya ba, bai kuma dawo ba. Jari a debe bashi, abin da ya rage lamba ce da ba ta canzawa duk tsawon tafiyar. Na sa mata suna E.

Mataki na biyu shi ne in mai da galaksi dutse. Na ɗauka cewa duk abin da ke sararin samaniya an barbaza shi daidai wa daida kamar ƙura, babu inda ya fi wani wuri cunkoso. Na ɗiga ɗigo a tsakiyar shafi, na zana da'ira kewaye da shi a matsayin ƙaton ƙwallo, nisan tsakiyarsa zuwa bakinsa na kira shi R, na ɗora galaksi ɗaya a bakin. Me ke jan wannan galaksi? Newton ya amsa tun a 1687, a littafinsa na Principia. Ya nuna cewa ƙwallon da nauyinsa ya bazu daidai yana jan abin da ke wajensa tamkar an tattare nauyin duka a tsakiya, sannan wanda ke cikin ɓawon ƙwallo marar ciki ba ya jin jan ɓawon ko kaɗan, don jan wannan gefe yana kashe na wancan. To, sai na ce duk abin da ke wajen da'irata ɓawo ne bisa ɓawo, babu ruwana da shi. Abin da ke ciki kaɗai ke ja.

Na rubuta ½v² − GM/R = E, inda v saurin galaksin ne, G kuma lambar ƙarfin janyowa ta dokar Newton. Nauyin da ke cikin ƙwallon, M, shi ne girman ƙwallon sau cunkoson ƙurar, wato (4/3)πR³ρ, inda ρ shi ne cunkoson. Saurin galaksin kuma, bisa dokar Hubble, v = HR, inda H ita ce lambar da ke nuna saurin buɗewar sarari. Na zuba su ciki, na ninka da biyu, na raba da R², sai ga wannan ya fito: H² = 8πGρ/3 + 2E/R².

Minti ashirin ban cika ba. Na buɗe littafi, na nemo lissafin Friedmann, ga shi nan zaune: H² = 8πGρ/3 − kc²/a², inda a ma'aunin girman sarari ne, c saurin haske, k kuma lambar siffar sararin. Har 8 ɗin, har 3 ɗin. Maimakon murna, wani irin sanyin gwiwa na ji, kamar wanda ya ɗaura ɗamarar kokawa ya tarar da abokin karawar a kwance. Alexander Friedmann, masanin lissafi ɗan Rasha, ya fitar da nasa ne a 1922 daga cikin ka'idar Einstein ta 1915, wadda sai mutum ya sha wuyar lissafi mai zurfi kafin ya iya ko karanta ta. Einstein da kansa ya fara cewa akwai kuskure a aikin, sai a 1923 ya janye maganarsa. Friedmann ya rasu a 1925, bai ga sakamakon Hubble ba. Georges Lemaître, limamin coci ɗan Beljiyam, ya sake gano abin da kansa a 1927. Sai a 1934 Edward Milne da William McCrea suka nuna a Ingila cewa dokar Newton ma tana kai mutum wurin. Wato gajeriyar hanyar ita aka gano daga baya, bayan an riga an sha doguwar. Da wani ya yi ƙarfin halin cewa sararin samaniya yana motsi, da tun ƙarni biyu kafin nan an rubuta wannan layi.

Washegari na ce bari in sa lambobi, don lissafin da babu lamba a cikinsa bai gama zama nawa ba. Na nemi cunkoson da zai sa jari da bashi su yi kunnen doki, wato E ya zama sifili: ρ = 3H²/8πG. Na ɗauki H a matsayin 70, ma'ana kilomita 70 a sakan ga kowane megafasek na nisa, shi kuma megafasek tafiyar haske ce ta shekara miliyan 3.26. Na danna kalkuleta, na sami wata lamba da ta gaza ta littafi har sau miliyan ɗaya. Na sake, haka. Na zargi kalkuletar, na zargi littafin. Sai da na kwana na tashi na ga ɓarnar: na mai da megafasek zuwa mita, amma na bar 70 ɗin a kilomita. Kuskuren dubu ɗaya ne, da aka ninka H da kanta ya zama miliyan. Da na gyara, H ta zama kusan 2.27 × 10⁻¹⁸ a sakan, cunkoson kuma kusan kilogiram 9 × 10⁻²⁷ a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi. Na raba da nauyin ƙwayar zarrar haidirojin ɗaya, na sami biyar da ɗoriya. Na daɗe ina kallon lambar. Ka ɗauki akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, ka jefa ƙwayar zarra biyar ko shida a ciki, iyakar da ta raba sararin da zai dawo ya ruguje da wanda zai tafi har abada ke nan, a wannan lissafin dai.

Da E a sifili lissafin yana warwaruwa da hannu. Girman sarari yana ƙaruwa kamar t^(2/3), inda t lokaci ne, shekarunsa kuma kashi biyu cikin uku ne na 1/H. Wannan shi ne samfurin da Einstein da Willem de Sitter suka gabatar a 1932. Na lissafa 1/H, ta ba ni shekara kusan biliyan 14, kashi biyu cikin uku kuma biliyan 9.3. Nan na yi turus, domin an san taurarin da suka haura shekara biliyan 12, ɗa kuwa ba ya girme uwarsa. Na rubuta alamar tambaya a gefen shafi na ci gaba. Na ɗan sami sauƙi da na tuna cewa H ɗin da Hubble ya auna tun farko kusan 500 ce, wadda ke ba da shekara kusan biliyan 2, ƙasa da shekarun duniyar da muke takawa.

Abin da ya fara hana ni barci da gaske shi ne ɗigon nan na tsakiyar shafi. Wa ya ba ni izinin sa shi a nan? In na matsar da shi dama, galaksin da a da ake jan ta hagu yanzu dama ake jan ta. Ashe amsar ta dogara ke nan ga inda na ga dama na ɗiga fensir? Na samo wata doguwar roba mai talewa, na ɗiɗɗiga mata tawada a tazarar santimita ɗaya-ɗaya, na danne ɗigo na uku da babban yatsa a kan tebur, na ja. Na huɗu ya matsa kaɗan, na biyar ya matsa ninki biyu, na shida ninki uku. Na saki, na danne na bakwai, na sake ja. Abu ɗaya na gani. Kowane ɗigo ka tsaya a kansa, gani za ka yi kai ne tsakiya, kowa na gudunka, na nesa ya fi na kusa sauri. Daga baya na gwada a takarda na ga cewa v = HR ce kaɗai dokar da ke da wannan hali. Da sauri yana tafiya ne da R² misali, da akwai tsakiya ta gaske guda ɗaya. Wannan ya kwantar mini da hankali ta fuskar motsi.

Ta fuskar janyowa kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Hujjar ɓawo tana aiki ne in ɓawon yana da iyaka. In ƙurar ta bazu babu ƙarshe, jimillar jan da ke kan galaksi ɗaya ta dogara ga yadda ka tsara haɗa lissafin: ka haɗa ƙwallo-ƙwallo kewaye da wannan ɗigo ka sami amsa ɗaya, kewaye da wancan ka sami wata. Ba ni na fara cin wannan tuntuɓe ba. Newton ya yi ta fama da batun a wasiƙun da ya yi wa Richard Bentley a 1692 da 1693, inda ya kwatanta daidaita taurari marasa iyaka da tsayar da allurai a kan tsininsu. Hugo von Seeliger ya sake tono matsalar a Jamus a 1895, har ya ba da shawarar a ɗan gyara dokar Newton. Abin da ke wanke rabin shafina, abin dariya, daga gidan Einstein ya fito: ka'idar Birkhoff ta 1923 ta tabbatar da cewa a lissafin Einstein ma, abin da ke kewaye da ƙwallo daidai ta kowane gefe ba ya tasiri a cikinsa. In kuma ƙwallon ƙarami ne, saurin bakinsa bai kusanci na haske ba, to dokar Newton ta isa a cikinsa. Na yi alƙawarin ba zan taɓa kayan Einstein ba, ashe tun layin farko a kan tabarmarsa nake zaune.

Duk da haka na ɗauka na gama. Na kwafe aikin a shafi mai tsabta, a ƙasa na rubuta: in E ta gaza sifili sarari rufaffe ne kamar ƙwallo, in sifili ce shimfiɗaɗɗe ne, in ta haura buɗaɗɗe ne kamar sirdi. Na ɗauki hoton shafin na aika wa malamin nan, wanda yanzu ya yi ritaya. Da yamma ya kira ni.

“Na ga aikinka,” in ji shi. “Layi huɗun farko naka ne. Na ƙarshen fa, a ina ka samo shi?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai daga lissafin ya fito. Kun ga 2E ita ce −kc², k kuwa ita ce lanƙwasar sarari.”

“Wa ya ce ita ce? Duba shafinka da kyau. A ina ka auna kusurwa? A ina ka zana alwatika? Kuma wannan c ɗin, saurin haske, ta wace ƙofa ya shigo, alhali babu haske a dokar Newton?”

Na yi shiru. Ya yi dariya, ya ce in nemi ƙwallo da zare in sake kiran sa bayan mako guda.

Gaskiyarsa. A shafina, E ragowar jari ce kawai. Sararin da galaksina ke gudu a cikinsa shimfiɗaɗɗe ne tun farko har ƙarshe, irin na Euclid da aka koya mana a makaranta, ko E ta zama mece ce. Ni da hannuna na yi amfani da (4/3)πR³ a matsayin girman ƙwallo, wanda a shimfiɗaɗɗen sarari kaɗai yake daidai. Kalmar lanƙwasa kwafo ta na yi daga littafi na liƙa wa lambar, don na ga sun zauna a kujera ɗaya a cikin lissafin.

Na samo ƙwallon roba, da zare, da alƙalamin maka. Na ɗiga ɗigo a samansa, na zagaye cikinsa da layi kamar ɗamara. Daga ɗigon sama na miƙa zare ya sauko har ɗamarar, na ja shi ya yi tsam, don zaren da aka ja tsam shi ke bin hanya mafi gajarta, na bi shi da maka. Na bi ɗamarar rubu'in zagaye, na sake miƙa zare zuwa sama. Ga alwatika, gefe uku, kowane gefe miƙaƙƙe iyakar miƙewar da fatar ƙwallo ta yarda da ita. Na ɗora kusurwar takarda a kowane lungu, ta zauna daram. Digiri 90 sau uku, 270, ba 180 ba. Na san wannan a karatu tun tuni, amma ganin sa a tafin hannuna daban ne. Sai na zana wata 'yar mitsitsiyar alwatika a gefe, kamar girman farce, na auna iya yadda zan iya: 180, ko abin da ba zan iya bambanta shi da 180 ba. Lanƙwasa ba ta bayyana sai alwatikar ta yi girman da za a kwatanta da ƙwallon kansa.

Na gwada da'ira ma. Na kafa zare a ɗigon sama na zagaya da shi. Tsawon kewayen ya gaza 2πr, kuma da zaren ya kai ɗamara, kewayen ninki huɗu ne kacal na zaren maimakon shida da ɗoriya. A kan sirdi akasin haka ne, kewaye ya fi 2πr, kusurwoyin alwatika kuma ba sa kai 180. Abin da ya fi kama ni shi ne duk waɗannan awo tururuwar da ke yawo a kan ƙwallon za ta iya yin su ba tare da ta taɓa ɗaga kai ta san akwai sama ko ciki ba. Wannan shi ne abin da Carl Friedrich Gauss ya tabbatar a 1827, ɗalibinsa Bernhard Riemann kuma ya faɗaɗa shi zuwa sarari mai kowane adadin fuska a laccarsa ta 1854 a Gottingen. Don haka tambayar da na daɗe ina yi, wai in sarari ya lanƙwashe, cikin me ya lanƙwashe, ba ta da muhalli. Lanƙwasa magana ce kan abin da ma'auni ke nunawa daga ciki.

To me ya haɗa ragowar jarin dutse da kusurwoyin alwatika? Nan na fi daɗewa, kwana biyar ko shida, ina jujjuya layin. Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin abu ne: na sauya wa lissafin Friedmann zama, na rubuta shi 8πGρ/3 = H² + kc²/a². A karatun Newton, layin labarin tafiya ne, wa zai dawo, wa zai wuce. A karatun Einstein kuwa rabon kaya ne. Nauyin da ke wuri yana wajabta wani adadi na lanƙwasa a haɗakar sarari da lokaci, ba ragi ba ƙari, adadin nan shi ne na hagu. Ana biyan sa ta hanya biyu. Wani kaso buɗewar sarari ke ɗauke shi, wato H², abin da ya saura kuma dole siffar sararin kanta ta ɗauka. In buɗewar ta biya duka, sarari ya fita a shimfiɗe. In ta gaza, ragowar ta lanƙwasa shi kamar ƙwallo. In ta zarce, ya karkace kamar sirdi. Shi kuma c aikinsa canji ne, shi ke mai da awon lokaci ya zama awon tsawo don a iya haɗa su a layi guda. Newton bai da wannan canjin, don a wurinsa sarari daban, lokaci daban, shi ya sa ba yadda za a yi lissafinsa ya ce uffan kan alwatika.

Daga nan wani abu ya biyo da ban zata ba. Sararin da ake kira shimfiɗaɗɗe, in yana buɗewa kuma akwai nauyi a cikinsa, haɗakar sarari da lokacinsa a lanƙwashe take. Shimfiɗar ta yanki ɗaya ce, hoton sarari a lokaci guda. Na sha karanta “sararin samaniya shimfiɗaɗɗe ne” ina fahimtar cewa babu lanƙwasa ko ta ina, ashe kuskure nake.

Da na kira Malam na faɗa masa haka, sai ya ce, “Madalla. Yanzu cire ƙurar ka cika ƙwallonka da haske, ka ga abin da Newton zai ce.”

Wannan ne wurin da samfurin ya fashe a hannuna. Haske yana da matsi, ni kuma hankalina ya ba ni cewa matsi turawa yake yi waje, don haka zai taimaka wa buɗewa. Ba haka ba ne. Matsi yana tura abu ne in gefe ɗaya ya fi ɗaya, kamar tayar da aka bai wa iska. A sararin da ko'ina matsin ɗaya ne, babu wanda ke tura wani. Abin da matsi ke yi a lissafin Einstein shi ne ƙara nauyi: mai janyowa ba ρ kaɗai ba ne, ρ + 3p/c² ne, inda p shi ne matsin. Ga haske, p kashi ɗaya cikin uku ne na ρc², don haka jan ya ninka sau biyu. Dokar Newton tsurarta ba ta san wannan ba. Ana iya lallaɓawa a shigo da shi ta bayan gida, a haɗa layin farko da dokar zafi da aiki, na kuma gwada ya fito, amma sai da na yarda cewa kuzari nauyi ne, wannan kuwa E = mc² ce, kayan Einstein ne kuma. Tun da a farkon zamani haske ne ya rinjayi komai, rabin shafina ba shi da ta cewa kan shekaru dubbai na farko.

Sai kuma na juya alamar. In matsi ya zama na debewa, ya kai p = −ρc², to ρ + 3p/c² ya koma ƙasa da sifili, janyowa ta zama turawa. Wannan ita ce lambar da Einstein ya ƙara a 1917 don ya tsayar da sararin samaniya cik, daga baya ya yar da ita. A 1998 ƙungiyoyi biyu masu auna taurarin da suka fashe a nesa, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗayar da Brian Schmidt da Adam Riess, suka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi, aka ba su kyautar Nobel a 2011. Dutsen da na jefa, maimakon ya rage gudu, ƙara mai yake yi. Na koma kan alamar tambayar da na bari a gefen shafi. Na sa kusan kashi 30 cikin 100 na cunkoson a matsayin abu mai nauyi, kusan 70 a wannan baƙon kuzari da ake kira baƙin kuzari, na haɗa lissafin da kwamfuta tunda hannu ya gaza, sai shekarun suka tashi daga biliyan 9.3 zuwa biliyan 13 da rabi, dab da 13.8 da ake ambata. Uwa ta koma ta girme 'ya'yanta. Amma layin da na yi alfahari da shi ya sake rasa ƙafa ɗaya: da baƙin kuzari a ciki, siffa ba ta yanke makoma. Rufaffen sarari ma yana iya buɗewa har abada.

Saura tambaya ɗaya, wadda takarda ba ta amsawa: namu sararin wanne ne? Sai an zana alwatika, kuma ƙwallon robata ya koya mini cewa ƙarama ba ta da amfani. Karl Schwarzschild ya gwada a 1900 da nisan taurari, abin da ya samu iyaka ce kawai, don alwatikarsa ta yi ƙanƙanta. Mafi girma da muke da ita tana amfani da hasken da ya taso lokacin da sararin samaniya ke da shekara kusan 380,000, wanda Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarin gano shi a 1965. Hasken yana da dabbare-dabbare, wuri mai ɗan ɗumi da wuri mai ɗan sanyi, kuma ana iya lissafa ainihin faɗin manyan dabbaren daga nisan da sauti zai iya tafiya a wancan zamani. Ga gindin alwatika ke nan, gefe biyun kuma hasken da ya taho idonmu. In sarari shimfiɗaɗɗe ne, kusurwar da ke wajenmu za ta kai kusan digiri 1, kamar faɗin cikakken wata sau biyu. In rufaffe ne dabbaren za su fi haka girma a ido, in buɗaɗɗe ne su ƙanƙance. A shekarar 2000 aka fitar da sakamakon BOOMERanG, na'urar da aka ɗaga da balan-balan a saman Antaktika, ya nuna kusan digiri 1. Tauraron ɗan'adam na WMAP da na Planck suka ƙara tsananta awon, har ya zama cunkoson gaske bai kauce wa na kunnen doki da ko kashi 1 cikin 100 ba.

Na sa wannan a lissafi. In akwai lanƙwasa, girman “ƙwallon” shi ne c/H a raba da tushen wannan bambanci. Ita c/H tafiyar haske ce ta shekara kusan biliyan 14, tushen 0.01 kuma 0.1 ne, don haka aƙalla tafiyar haske ta shekara biliyan 140. Awon bai ce lanƙwasar sifili ce ba. Ya ce ne duk abin da muke iya hange bai wuce 'yar alwatikar nan mai girman farce da na zana a gefen ƙwallo ba.

A daren ƙarshe na yi wani lissafi da ba wanda ya sa ni. Na tambayi layin nawa yadda wannan bambanci yake a baya, sai na ga cewa muddin janyowa ce ke rage gudun buɗewa, kaucewa daga kunnen doki ƙaruwa take yi da lokaci, kamar allurar Newton da ta fara karkata. In yau kashi 1 cikin 100 ne, to lokacin da hasken nan ya taso, sarari yana ƙasa da girmansa na yanzu sau 1,100, bambancin bai wuce kusan 2 cikin 100,000 ba. Ka ƙara komawa baya, sifilai su yi ta jeruwa bayan ɗigo har shafi ya ƙare. Wa ya jefa dutsen da saurin da ya dace haka? Na aika wa Malam tambayar. Amsarsa layi ɗaya ce: in nemi takardar da masanin fiziks Alan Guth ya wallafa a 1981, kuma in samo sabon littafin rubutu, don wannan shafi biyu suka rage masa.